Ranar Da Muka Bar Doña Oliva Da Kuloli Bakwai

Jama'ar wannan shafi, ina gaishe ku. Ku gyara zama, don abin kunya na kawo muku yau, kuma ni na aikata shi da hannuna na dama a gaban shaidu. Tun yanzu ma in faɗa muku, ban yi nadama ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: sunana Kausar, shekarata ashirin da bakwai, nas ce ni a wani asibiti da ke Northwest Washington. Kullum jirgin ƙasa nake bi daga Woodbridge, inda muke zaune da Mama da Abba tun da muka baro Kano ina 'yar shekara sha huɗu. A asibitin na haɗu da Kamal, injiniyan da ke gyara mana na'urori. Mahaifinsa, marigayi Malam Almu, mutumin Damagaram ne, direban tasi, ya rasu Kamal yana shekara tara. Mahaifiyarsa kuwa Doña Oliva, 'yar ƙasar El Salvador ce, kuma Kirista. To nan fa ake yin ta.

Anti Mubaraka, ƙanwar Mama, tun ranar da ta ji labari ta ɗaura ɗamarar yaƙi. Tana da nata ɗan takarar, Dakta Tahir, likitan zuciya a Baltimore, wanda a cewarta har kakan kakansa ta sani. Na taɓa zama da shi sau ɗaya. Minti arba'in yana ba ni labarin motarsa, bai ko tambaye ni aikin da nake yi ba.

Mama ba ta goyi bayan kowa ba. Hukunci kawai ta yanke, tana ninke kayan wanki, ko kallona ba ta yi ba.

"Uwar tasa ta zo gidan nan sau ɗaya in gan ta. Ni gidan da za ki shiga nake dubawa. In na ga mutunci, to. In ban gani ba, kar ki ƙara kawo min zancen nan."

Ku kuma kun san ni, bakina ba ya mutuwa, amma ba zan yi auren da Mama ba ta sa wa albarka ba. Ziyarar nan ɗaya ita ce komai.

Matsalar ita ce harshe. Doña Oliva tana jin Turanci daidai na aiki, amma ita da Mama da suka gaisa a waya, kowacce ta ajiye tana cewa ɗayar ba Turanci take yi ba. Ni kuwa wata takwas ke nan ina zuwa ajin Sifaniyanci ranar Talata da yamma. A gida na ce saboda marasa lafiya ne. Rabin gaskiya ne, Allah ya yafe min sauran rabin.

Da aka tsayar da ranar Asabar, na tare malaminmu, Señor Bartolomé, na ce ya ba ni duk kalmomin da ake karɓar baƙo da su. Ya yi dariya ya cika allo. Na kwafe su a ƙananan katuna, Sifaniyanci a gaba, Hausa a baya. Recibir, ka tarbi baƙo. Atender, ka yi masa hidima. Agasajar, ka karrama shi da ci da sha da kyauta har ya rasa bakin godiya. Entretener, ka ɗebe masa kewa. Divertir, ka sa shi nishaɗi. Daga Woodbridge har cikin Washington ina juya su a jirgi: na tarba, kin tarba, mun tarba. Har a kan Abba na gwada.

"Abba, zo in yi maka entretener."

Ya ɗago daga jarida ya dube ni ta saman tabarau. "Ga kwanuka can a sinki, je ki yi musu."

Zuwa ranar Juma'a ko daga barci aka tashe ni zan karanto su. Na ce a raina, Kausar, kin gama da wannan jarrabawa tun kafin a raba takarda.

Ranar Asabar tun da aka yi sallar asuba Mama take tsaye. Tuwon shinkafa, miyar taushe da kabewar da muka zaɓo a gona, waina, farfesun kaza, dambun naman da aka kawo mana daga Kano wanda Mama take ɓoyewa ko Abba ba ta ba shi, ga zoɓo ga kunun aya. Ta fito da kulolinta masu ruwan zinare da ba a taɓa su sai da salla. Abba ya hau kujera ya cire batirin na'urar hayaƙi, don duk ranar da Mama ta sa turaren wuta sai ta tara mana maƙwabta. Na sa atamfa mai ruwan ganye, ɗinkin riga da siket, na yafa farin mayafi, na soke katunana a aljihu. Da na ga irin wahalar da Mama ta sha, na gane ba neman laifi take yi ba. So take ta fita kunya.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara.

Kamal: Mun sauka daga babban titin 95. Mamá ta canza riga sau uku.

Ni: Ka ce ta kwantar da hankalinta. Komai yana hannuna.

Kamal: Wannan maganar taki ce take ba ni tsoro.

Suka iso. 'Yar gajeruwar dattijuwa ce, furfura a ɗaure a ƙeya, doguwar riga shuɗiya an goge ta tsaf, da ɗan gyale da na san Kamal ne ya ba ta shawara. Tana riƙe da faranti an rufe da ƙyalle, wainar masara irin tasu mai cuku a ciki da suke kira pupusa. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Bienvenida, Doña Oliva," wato barka da zuwa. Ta ɗago ni ta rungume, ta sumbace ni a kumatu. Anti Mubaraka ta yi gyaran murya kamar ƙashin kifi ya maƙale mata.

Aka gaisa, rabi da baki rabi da hannu. Abba ya ja Kamal zuwa falon ƙasa. Ina shirin zama kusa da baƙuwa, hannuna a kan katunan, sai Anti ta galla min harara.

"Ke! Haye sama. Wace yarinya ce take zama gaban uwar saurayi? Ko Amurkar ce ta cinye miki kunya?"

Na dubi Mama, Mama ta dubi ƙasa. Na haye. Ban ma damu ba, na ce girkin Mama zai yi magana da kowane yare.

Kun san yadda muke yi. Baƙo mai daraja, a jera masa komai a gabansa, a ce bismilla, a ja masa ƙofa a ba shi wuri. Ya ci ya ƙoshi babu idon da ke ƙirga masa loma. Haka na tashi na gani, haka Mama ta tashi ta gani. Abin ya zauna a jikina har ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Wata takwas ina haddace kalmomin mutane, ban yi tunanin minti ɗaya a kan al'adar gidanmu ba. Mama da Anti suka jera kuloli bakwai a gaban Doña Oliva, suka ja ƙofa, suka koma kicin suka yi shiru don kar su takura mata.

Ina kwance ina duba hotunan lalle, an fi rabin awa, sai saƙonni suka fara shigowa a jere.

Kamal: K, me ya faru a sama?

Kamal: Mamá ta turo min saƙo. Ta ce in zo in mayar da ita gida.

Kamal: Ta ce an bar ta ita kaɗai an rufe ƙofa.

Kamal: Ba zan iya tashi ba, Abba yana tsakiyar labarin siyasar 1979.

Na duro daga gado. Na sauko ba takalmi. A tsakiyar matakala na jiyo muryar Anti daga kicin, tana raɗa irin nata da ake ji har titi.

"Yaya, na leƙa sau biyu. Ko murfi ɗaya ba ta ɗaga ba. Ba na gaya miki ba? Ƙyanƙyamin abincinmu take yi. Da uwar Tahir ce da yanzu ta nemi ƙari."

Mama ta ce, "Tun asuba nake tsaye, Mubaraka." Na san muryar nan. Ba faɗa a cikinta, kuma daga ita sai rufe magana.

Na tura ƙofar falo na shiga.

Doña Oliva tana zaune a bakin kujera, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu kamar mai jiran bas. Kulolin suna nan yadda aka ajiye su. Farantin da ta kawo ma yana gefe, ba wanda ya buɗe, don a wurinmu ba a buɗe tsarabar baƙo a gabansa. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja amma babu hawaye.

Ta yi magana a hankali, Sifaniyanci da ɗan Turanci, don in gane.

"'Yata, shekara ashirin da biyu ina share gidajen mutane a Northwest. A gidajen kirki, in rana ta yi, sai a zuba min abinci a ajiye, a ja ƙofa, su tafi nasu teburin. Ban taɓa jin haushi ba, aiki na je yi. Amma yau rigar cocina na sa. Yau uwa na zo."

Na buɗe baki in yi bayani, kalmomin suka watse. Na ce girmamawa ce, na ce a ƙasarmu, na ce abinci, na ce kaɗai. Ni kaina da na ji abin da nake haɗawa na san ƙara ɓata shi nake yi. Ta girgiza kai, ta gyara riƙon jakarta. Duk katunan nan suna aljihuna, babu wanda ya zo min.

Sai na daina magana. Na jawo robar wanke hannu, na zauna dirshan a kan kafet a gaban ƙafafunta, na buɗe kular tuwo, na zuba miya, na yi bismilla na kai loma.

'Yan'uwa, ku da kuka san gida kun san abin da na yi. Matan da suka shekara ashirin da aure ma wasu ba sa shan ruwa a gaban uwar miji. Ni ko sadaki ba a kawo ba, ga ni ina tauna a gaban uwar saurayi, miya har wuyan hannu. Kunya ta rufe ni, amma na kai loma ta biyu. Na tura kwanon gabanta na ce, "Conmigo." Tare da ni.

Ta kalle ni, ta kalli tuwon. Ta ajiye jakar. Ta dafa hannun kujera ta sauko ƙasa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta wanke hannu. Yadda ta gutsiri tuwon ta mulmula shi ya nuna ba yau ta fara ba. Da ta kai baki sai ta rufe ido.

"Almu yana yin wannan ranar Lahadi," in ji ta. "Nasa duk gudaji. Shekara ashirin rabona da shi."

Daidai nan ƙofa ta buɗe, Anti ta leƙo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya! Yaya, zo ki ga abin da 'yarki take yi!"

Mama ta shigo da ludayi a hannu ta tsaya cak. Ni ce 'yar fari, don haka Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai, kuma "ke" ɗin da ta fito ranar sai da ta daki bango.

"Ke! Lafiyarki kuwa?"

Na haɗiye lomar, na gyara durƙuso. "Mama, ki yi haƙuri ki saurare ni minti ɗaya, daga nan ki yi min duk hukuncin da kika ga dama. Ba raina abincinki ta yi ba. A wurinsu mai gida ba ya barin baƙo ya ci shi kaɗai. Wanda ake zuba wa a ja masa ƙofa, mai aiki ne. Ita kuma aikin da ta yi ke nan ta raini Kamal. Ta ɗauka mun nuna mata matsayinta ne."

"Ji wani zance," in ji Anti. "To mu bar al'adarmu saboda..."

"Mubaraka, yi shiru."

Mama ta dubi dattijuwar da ke zaune a ƙasa da miya a yatsu. Na ga fuskarta ta canza, kamar wadda ta taka yaro a duhu ba ta sani ba.

"Mai aiki?" ta ce. "A gidana? Ita ta ɗauka haka na yi mata?"

Ku fahimci wace ce Mamata. Ko a gidan biki ba ta cin abinci, sai dai a ƙulle mata ta taho da shi. Ban taɓa ganin ta tauna ko goro a gaban baƙo ba. Wannan matar ce ta miƙa wa Anti ludayi, ta zare zobbanta biyu ta ajiye a kan tebur, ta tattare leshinta ta zauna a kafet.

"Miƙo min ruwan. Ki buɗe abin da ta kawo, da shi zan fara."

Anti ta ce ita ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. Babu komai a kan wuta, ni na kashe murhun da hannuna tun kafin baƙi su iso.

Daga nan aikina ya dawo. Ina tsakiya, Hausa ta shiga ta kunnen dama, Sifaniyanci ya fita ta baki, guragu-guragu amma yana isa. Mama ta ci pupusa ta ce a gaya mata waina ce da ta je makaranta. Doña Oliva ta ɗebi yajin Mama da yawa, ta yi tari har da hawaye, ta sha zoɓo, sannan ta miƙa hannu ta ƙara. Mama ta yi dariya har tana rufe baki da mayafi. A raina na ce, Señor Bartolomé, ga divertir ɗinka nan, yaji ne ya yi min shi.

Can Mama ta yi tambayar da na san tana cin ta tun farko.

"Tambaye ta, uban ya rasu yaro yana ƙarami, ita kuma ba musulma ba. Wa ya koya masa salla?"

Na juya tambayar ina addu'a a zuci. Doña Oliva ta goge hannu.

"Na yi wa Almu alkawari a asibiti. Duk Lahadi in na fito coci, mu hau bas biyu zuwa makarantar masallaci. Shi ya shiga, ni in zauna a benci a waje in jira shi. In ana sanyi in riƙe kofi."

"Shekara nawa tana haka?"

"Tara. Har ya iya tuƙi."

Mama ta sa cokali ta tsamo cinyar kaza mafi girma ta ajiye a gefen Doña Oliva, ta jawo dambun nan da ko Abba ba ya samu ta tura mata gaba ɗaya.

Da la'asar ta gabato, Doña Oliva ta kama hannun Mama ta yi doguwar magana. Na gane kowace kalma, kuma na so a ce ban gane ba. Na yi tunanin in rage wani abu, amma na ce yau ba ranar rabin gaskiya ba ce.

"Mama, ta ce Lahadi mai zuwa tana gayyatarmu gidanta, mu duka. Nama Kamal zai sayo na halal, babu giya. 'Yan'uwanta wajen talatin za su zo, maza da mata teburi ɗaya. Kuma... ta ce a danginsu in an karɓi baƙi akwai kiɗa. Uwar ɗa ita take buɗe rawa da uban yarinya."

Mama ta zare hannunta a hankali. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta tashi ta haɗa tsaraba, turmin atamfa da turaren wuta da kula guda ta tuwo, ta yi rakiya har bakin mota, ta tsaya har suka sha kwana. Kamal yana ta satar kallona yana tambaya da ido, ni kuwa na kau da kai.

A kicin Mama ta juya min baya tana wanke kuloli. Anti ta samu fili.

"Rawa! Alhaji da girmansa, da furfurarsa! Yaya, kin dai ji da kunnenki. Ga rashin kunyar da yarinyar nan ta yi, gobe duk Woodbridge an ji. Ni dai in kira uwar Tahir kawai a..."

Mama ta kashe famfo ta juyo, ni ta kalla ba Anti ba.

"Ke, abin da kika yi yau kar ki kuma. Loma kan loma, ko sunkuyar da kai babu. Haka za ki riƙa cin tuwo a gaban uwar mijinki?"

Na tsaya da soso a hannu. Anti ta saki baki.

"Mama... uwar wa kika ce?"

"Kin ji ni sarai, ba na maimaita magana. Ki aika mata cewa Lahadi muna zuwa." Ta goge hannu da tawul, gefen bakinta yana motsi. "Amma zancen rawar nan babu ruwana. Ke kika iya yaren, ke za ki gaya wa babanki da bakinki."

Kafin in ce uffan muka ji takun Abba yana hawowa daga falon ƙasa, carbi yana kaɗawa a hannunsa. Ya leƙo kicin fuska a sake.

"Yaron nan yana da hankali, ya iya sauraro. To, Kausar, me mahaifiyar tasa ta ce?"